Malam Ya'u, Wanda Ya Hana Motar Tsere Kai Amarya Lahira

Kullum bayan asuba Malam Ya'u yakan hau kekensa daga Panshekara ya nufi garejinsa a Sharada, yana tafiya kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. 'Yan adaidaita sahu su yi ta danna masa hon, shi ko a jikinsa. Ba wanda zai gan shi ya yarda cewa wannan dattijon ne likitan tsofaffin motocin tsere, irin waɗanda turawan masaƙu suka tafi suka bari. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce zai ajiye sifana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu da muka yi aiki a Sharada mun san shi da kunne. Ya dafa mota ya karkata kai ya ce, "Injin nan mura yake yi." A buɗe a tarar haka ne. Amma rigimarsa da Alhaji Lawan dillalin fatu ita ce ba ta mantuwa.

Alhaji yana da wata jar motar tsere mai kujera biyu wadda ta girme shi. A kan injinta akwai supacaja, na'urar da ke hura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri, da ɗan bawul mai sakin iskar in ta yi yawa. Hucin bawul ɗin ne ya dame shi, don ya rantse a motar za a ɗauki 'yarsa Saudat ranar kai amarya.

"Malam Ya'u, toshe min abin nan. Mota tana huci kamar kububuwa a gaban surukai?"

"Alhaji, ko tukunyar wake aka danne wa murfi, mai dannewar za ta nema."

"Ni ruri nake so."

"To, ba da hannuna ba."

Alhaji ya kai ta wani gareji aka toshe. Ana gobe biki labari ya iske Malam Ya'u. Ya je gidan Alhaji a Ɗorayi, ya haye kan bonet ya harɗe, ya ce ba ya sauka sai an gwada motar ba kowa a ciki. Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya sa aka kawo masa waina. Malam Ya'u ya cinye tas, bai sauka ba.

Dole aka ja motar zuwa wani fili a Challawa. Malam Ya'u ya tayar da ita, ya kora mu bayan katanga, ya ɗaura wa totur igiya, ya laɓe ya ja. Mota ta ɗauki ruri, Alhaji ya washe baki yana cewa, "Kun ji ko?" Sai inji ya yi tari, wuta ta koma baya cikin supacaja, ga shi ba ƙofar fita. Ƙara muka ji kamar tsawa. Bonet ya tashi, murfin supacaja ya tsallake katanga ya faɗa cikin tukunyar miyar Hajjo mai abinci, wadda Allah ya sa ta je ɗebo ruwa.

Hajjo ta dawo ta tsamo shi da ludayi. "Alhaji, wannan naman naku ne? Ni dai ban sa shi ba."

Alhaji bai ji ta ba. Wani guntun ƙarfe yake kallo, wanda ya huda gilashi ya nutse a kujerar amarya. Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Da ƙyar ya ce, "A nemo bas."

A bas aka kai Saudat. Motar kuwa Malam Ya'u ya sake haɗa ta, da bawul, da ɗamarar da ke riƙe supacaja, da murfi a kan bel ɗin inji. Har yau duk motar tseren da ta rasa ɗaya cikinsu ba ta fita daga garejinsa.

Malam Ya'u, ku ne kainuwa dashen Allah, ku ne ba a saye ku da zaƙin baki. Mun gode, Saudat da 'ya'yanta ma sun gode. Allah ya ba da hutu mai albarka. Masu sana'a kuma ku koyi irin wannan a'a. Mai kaya zai yi fushi, to ya yi mana, ai sai mai rai ke fushi.