Kallon da Kyamarar Aina'u Ta Tsinta

Aina'u 'yar fari ce, kuma a gidan Malam Ya'u na Panshekara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahaifiyarta Uwani ba ta taɓa kama sunanta ba. In za ta kira ta sai ta ce “ke,” in kuma zancenta ya taso cikin mutane sai ta ce “'yar gidan Inna,” domin tun da aka yaye ta kakarta Inna ta ɗauke ta, ba ta dawo da ita ba sai da ta shiga sakandare. Ita ma Aina'u Yaya take ce wa Uwani, yadda ta ji ƙannen Uwanin na faɗa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, Uwani kuwa ta riƙe ta hannu bibbiyu. Aina'u ta girma ba ta taɓa haɗa ido da uwarta ba.

Yarinyar ta taso da kallo. Ba ta da surutu, amma in ta ƙura wa abu ido sai an taɓa ta take dawowa. Hayaƙin kamfanonin Challawa yana murɗewa sama da hantsi, inuwar tirela tana rarrafe a jikin katanga, ma'aikatan fata suna gangarowa kan kekuna da yamma, duk sai ta tsaya ta bi su da ido kamar wadda aka aika ta ƙirga su. Inna kan ce wata rana kallo zai jefa yarinyar nan rijiya. Bai jefa ta ba. Makarantar koyon aikin jarida ya kai ta, sashen fim.

Zangon farko ta sha dariya. Hoton da ta fara ɗauka rawa yake yi, har 'yan ajin suka rantse a cikin adaidaita sahu ta ɗauke shi a kan titin Sharada. Malaminsu, Malam Isyaku, mutum ne siriri wanda yabonsa ya fi ruwan famfo wuyar zuwa. Shi ya koya mata ta manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ta riƙe numfashi. Daga nan ta koyi haske, ta gane rana tsaka ba ta ƙaunar fuskar kowa. Ta koyi sauti bayan ta yi hira guda da wani tela, ta dawo ba a jin komai sai janareta. Amma abin da ya shiga ranta shi ne tace hoto. A ɗakin kwamfuta mai sanyi takan tsayar da ƙiftawar ido guda, ta zauna tana kallonta har a zo rufe ƙofa.

Da shekarar ƙarshe ta zo, Malam Isyaku ya ba su aikin da zai raba gardama: ɗan gajeren fim a kan mutum ɗaya a bakin sana'arsa.

“Ba gini nake so ba, ba inji ba,” in ji shi. “Fuska nake so. Wanda bai kawo mini idon mutum ba, kada ya zo yana tambayata makinsa.”

Aina'u ta zaɓi Uwani. Ta ce wa ƙawayenta don zoɓo na da kyau a hoto ne. Gaskiyar kuwa, so take ko sau ɗaya matar nan ta dube ta, ko da ta cikin gilashin kyamara ne.

Uwani tsintar zoɓo take yi a wani babban sito a Sharada. Mata ne jere a kan buhuna, busasshen zoɓo jibge a gabansu, suna fitar da tsakuwa da itatuwa kafin a ɗure shi a loda wa manyan motoci. Rufin kwanon ya huhhuje, rana na zubowa ta hujojin zare-zare, jan garin zoɓo na yawo cikin hasken a hankali, bai sauka ba, bai tashi ba. Ranar da Aina'u ta fara shiga sai ta manta abin da ya kawo ta. Ji ta yi kamar an nutsar da ita cikin tulun zoɓo, muryoyin matan na zuwa mata daga nesa.

Hannun Uwani kam ya ba da haɗin kai. Yatsun sun rine ja, suna tafiya cikin zoɓon da sauri kamar kaza na tsattsagar hatsi. Amma da zarar kyamara ta ɗago wajen fuska, sai mayafi ya zamo, kai ya sunkuya. In Aina'u ta yi tambaya, Uwani sai ta juya ga Atika, abokiyar zamanta, ta ce, “Gaya mata an daɗe ana yi.”

“Haba Uwani, ɗago mana,” in ji Atika. “'Yarki ce fa, ba surukinki ba.”

“'Yar Inna dai,” Uwani ta ce da zoɓon gabanta.

Haka aka yi ta yi har lokacin miƙa aiki ya matso. Ranar ƙarshe hadari ya haɗo, siton ya dushe. Aina'u ta kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku na ƙarfe, ta tafi can bakin ƙofa ta roƙi maigadi ya ƙara buɗe ta haske ya shigo. Ta manta ba ta kashe kyamarar ba, laifin da Malam Isyaku ya fi tsana. Ta dawo ta sake gwadawa, aka sake sunkuyar mata da kai. Ta haɗa kayanta ta tafi gida ranta a jagule.

Washegari a ɗakin kwamfuta ta tarar da wannan dogon ɓarnataccen hoto. Har ta kai hannu za ta goge, sai ta ji a cikin hoton ƙarar takalminta na yin nisa. Yatsun Uwani suka tsaya. A hankali kan ya ɗago, mayafin ya koma baya, idanu biyu suka bi hanyar ƙofa. Hasken da maigadi ya saki ya sauka a kansu. Manya ne, masu ruwa-ruwa, irin na Aina'un sak, kuma babu kunya ko kaɗan a cikinsu, sai wani taushi da ba ta san uwarta na da shi ba.

“Ta girma fa,” muryar Atika ta ce daga gefe.

“Ta rame,” in ji Uwani, ba ta ɗauke ido ba. “Tunda ta fara aikin nan ba ta cin abinci.”

Sai ƙarar takalmin ta fara dawowa, kan ya koma ƙasa.

Aina'u ta tsayar da hoton a kan idanun. Ta yi kuka, mai daɗi, irin wanda ba a son a rarrashe shi. Ga abin da Malam ke nema ya faɗo mata a hannu, kuma ta san babu wanda zai kawo kamarsa a ajin. Sai dai fim ɗin a babban ɗaki za a nuna shi, gaban malamai da ɗalibai, matan sito ma sun ce sai sun gani. Uwani kuwa ta yi kallon nan ne don ta tabbata babu mai ganinta. Daga bisani Aina'u ta yanke wurin, ta adana shi inda ita kaɗai ta sani, ta haɗa fim ɗinta da hannaye da haske da jan gari.

Malam Isyaku ya kalla har ƙarshe, ya cire tabarau.

“Hannun ya yi kyau. Ina fuskar?”

“Ba ta ba ni ba, Malam.”

Ya ba ta makin da ya tsallakar da ita da ƙyar, ya kira na gaba.

Da yamma ta iske Uwani a gindin murhu tana kwashe tuwo. Ta zauna ta cinye nata tas, har da suɗe kwano, sannan ta tura shi gaba.

“Yaya, a ƙara mini.”

Uwani ba ta waiwayo ba. Ta sa mara ta zuba malmala biyu, ta lalubo tsokar da ke ƙasan tukunyar miya ta ɗora a kai.