Taku Arba'in Daga Rijiya

Duk gidan da aka kira Idrisa magini a Matameye, kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa sai ya nemi ruwan sha. Ba ya son na leda, ba ya son na famfo. Na rijiyar gidan yake so, in babu kuma a ɗebo masa na maƙwabta. In ya sha ya miƙa moɗa, sai ya jingina da bakin rijiyar ya fara taku yana ƙirgawa a ransa. Inda ya kai arba'in, nan zai dangwara diddige ya ce, "Daga nan zuwa gaba." Sai a sannan yake yarda a yi maganar ramin masai.

Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, wato makarantar boko. Shekara uku ya yi ya gudu, ni kuwa na zarce har na zama mushe mai koyarwa, na zama daraktan makaranta, na kuma zama mutumin da ba a gaya masa magana. Shi ya bi 'yan cin rani zuwa Kano. Rani goma sha huɗu ya yi yana ɗaukar kwanon kankare a ka, har wani tsohon magini ya ga hankalinsa ya koya masa ginin ramin masai na zamani, wanda mu muke kira fos, su can suke cewa sokawe. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama sai ya dawo gida da sana'arsa.

Aikinsa ba ya canzawa. Ramin farko ɗaki biyu yake yi masa, ya shafe ciki da siminti sumul yadda ko ɗigo ba zai tsira ba. Ƙazanta ta kwanta a ƙasa, ruwan sama-sama ya wuce rami na biyu mai duwatsu, ƙasa ta shanye shi a hankali. Ya ɗaga bututun iska sama da katanga, ya bar murfi biyu a fili. Kowace shekara kuma, in an gama yankan gero, sai ya zaga gidajen da ya yi wa aiki ba tare da an kira shi ba. Ya ɗaga murfi, ya zura doguwar gora da ya naɗa wa farin tsumma, ya duba inda baƙi ya kai. Ya yi wa matan gida faɗa kan zuba baƙin mai da tsummokara. Daga ƙarshe ya sake neman ruwan rijiya ya sha.

Shekarar da na ajiye alli na ƙudura sai na yi banɗakin zamani a gidanmu na gado, irin wanda ake jan ruwa. Na zauna da takarda da magwaji na zana komai, har da alkibla na fitar don kada mai zama ya fuskance ta. Na kira Idrisa don ya aiwatar kawai, ba don in ji ra'ayinsa ba.

A tsakar gidan akwai rijiyar da mahaifina ya gina da hannunsa shekarar da ya auri Inna Shekara, mahaifiyata. Ruwanta garai-garai, ga sanyi. Ranar da famfo ya ɗauke, matan layinmu duka a nan suke cika da bokitai, Inna tana zaune a kan tabarma tana karɓar gaisuwa tana jin labarin gari. Tun da tsohon ya rasu ban san abin da take ji da shi kamar rijiyar nan ba.

Idrisa ya gaida Inna, ya sha ruwa, ya yi takunsa. Ya wuce inda na sa alama tun a taku na goma sha ɗaya, bai ko kalli turakuna ba. Ya je can kusurwar kudu kusa da ƙofa ya dangwara diddige.

Na ce, "Nan ba zai yiwu ba. Rumfar mota za ta zauna a wurin."

Ya waiga hagu ya waiga dama. Ya ce, "Mushe, ina motar?"

Babu mota. Ko a lokacin babu, yanzu ma babu. Abin da nake da shi tsohon babur ne da sai an tura yake tashi. Amma na riga na ga motar a raina, fara ce, har na san yadda zan riƙa juya ta in shiga da baya.

Ya ce, "Ƙasar nan rairayi ce, ruwa kuma kusa yake. Abin da ka zuba a nan, wata rana Inna za ta jawo shi da guga."

Raina ya ɓaci. Na karanta masa darasi kan yadda ƙasa take tace ruwa, da Faransanci ma don ya fi jin nauyinsa. Na tuna masa cewa ni ne nake ba shi amsar lissafi a aji. Ya saurara har na gama, ya ɗauki jakarsa ya ce, "Gaskiya ne, ka fi ni karatu. Amma na sha ruwan rijiyar nan, ba zan haƙa a nan ba." Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama ya fita.

Na samo wani magini mai saurin cewa to. Rami guda ya yi mini, bai shafe shi ba, ya zurfafa har sai da ya taɓo danshi. Ya ce irin wannan ba ya cika har abada. Na ji daɗi ƙwarai, na riƙa kai baƙi su ga yadda ake jan ruwa.

Damina ta farko lafiya lau. Duk inda na gamu da Idrisa a kasuwa sai na ce, "Malam Idi, har yanzu muna nan da ranmu." Ya ce, "Allah ya sa haka."

A damina ta biyu ne matan layi suka fara raguwa. Famfo zai ɗauke kwana biyu, ka ga sun wuce ƙofarmu da bokitai sun nufi wata unguwa. Jikokina biyu suka kwanta da ciwon ciki, na ce ɗanyar gyaɗa ce. Inna ta ce ruwan ya sauya, na ce bakinta ne, tsufa ne. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Da aka gama yankan gero sai ga sallamar Idrisa. Gidana ba ya cikin gidajen da yake zagawa. Ashe Inna ce ta aika masa. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, don haka ta ce, "Kai, ba shi ruwa." Na jefa guga da kaina, na cika moɗa na miƙa masa. Ya kai ta kusa da baki, ya tsaya. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa a hankali, bai kalle ni ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "A yashe rijiyar mana. A zuba magani."

Ya ce, "Ko an yashe, Mushe, ƙasar da ke tsakani ta riga ta sha. Ga yara a gidan, ba mai iya tsare su."

Aka kira motar kwashe masai daga Damagaram, aka cike ramina. Idrisa ya haƙa sabo a kusurwar kudu, daidai inda farar motata take kwana. Da ƙasar da za a cike rijiyar da ita ta taru ya zo ya tsaya gaban Inna, ya cire hula. Ita ce ta sauƙaƙa masa. Ta ce, "Ku zuba. Amma ku bari in shiga ɗaki tukuna."

Ni na tura baron farko. Ban taɓa jin ƙara mai muni kamar ta ƙasar nan da ta faɗa cikin ruwan ba.

Shekara shida ke nan. Ramin Idrisa bai taɓa ba mu matsala ba. Yana zuwa duk kaka da gorarsa, ya duba, in kawo masa ruwan famfo a kofi ya sha, bai taɓa tayar da maganar ba. Inna ma ba ta taɓa ba. Tana nan tana shimfiɗa tabarmarta a wurin da ta saba, sai dai ranar da famfo ya ɗauke ba mai shigowa. Guga da igiyar suna rataye a ɗakinta. Rannan na ce a ba ni igiyar in ɗaure akuya, ta ce a bar mata kayanta.