Tagar Da Suruki Ya Zaɓa

Ilu Dogo yana da shekara sittin da biyar, mahaƙin rijiya ne, kuma shi kaɗai ya rage cikin sa'o'insa na Tsamiyar Kyauta, wani ɗan ƙauye a arewa da Gagarawa. An haife shi a 1924. Abu na farko da yake iya tunawa shi ne leburori suna shimfiɗa layin dogo ta Gagarawa Tasha, shi kuwa yana saɓe a wuyan ubansa.

Rijiya ashirin da bakwai ya haƙa tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Yakan ce shi daga gindin rijiya ya san duniya, inda sama ba ta fi faifai girma ba.

Bara matarsa Laure ta rasu, aka binne ta kusa da kukoki uku na yamma da gari. Daga nan tari ya kama shi. 'Yarsa Hannatu, mai aure a Maiduguri, ta turo mijinta Sajo ya ɗauko shi. Likita ya ce ƙirjinsa ba zai jure mota ba, sai jirgin sama daga Kano. Ilu ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Ya rabar da digarsa da igiyoyinsa.

Buri ɗaya ya rage masa. Wani direba a Gumel ya gaya masa cewa in jirgi ya fuskanci gabas, na tagar hagu ne ke hango layin dogo ya miƙe zuwa Gagarawa. Ilu ya ƙudura zai bi layin da ido har kukokin, ya yi wa Laure sallama.

Sai dai tsakaninsa da Sajo akwai kunyar surukuta. Shekara sha biyu, maganarsu ba ta wuce gaisuwa ba. A cikin jirgi Sajo ya rusuna ya ce, "Baba, ga wurinku. Sai da na roƙa aka ba ku tagar dama. Babba ba ya zama a hagu."

Ilu ya dubi wurin, ya dubi surukinsa da ke ta murna. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya zauna.

A tagar hagu wata Hajiya ce. Jirgi na tashi ta ja murfin tagar, ta kama barci. Ilu ya kalli kudu: gonaki, koguna, garuruwan da bai taɓa shan ruwansu ba.

Bayan kwana uku ya gaya wa Hannatu.

Ta ce, "Haba Baba! Ai da kun yi magana, da an canza muku."

Ya ce, "Da wa? Da mijinki? A ce ya girmama ni na ce ba haka ba? Ke ma dai kin zama 'yar birni."

Yanzu wata huɗu ke nan yana kwance. Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira Hannatu, ya zana layi biyu da yatsa a kan tabarma. Ya ce ya yi tunani, in jirgi ya juya Kano, dama ce ke kallon gida.

"In maigidanki zai je Kano, ki ce ya zauna a tagar dama, ya duba kukoki uku. Kada ki gaya masa dalili."