Wutar da Maharazu Bai Sa Ba

Duk kasuwar Tasawa babu wanda na'ura ke yi wa biyayya kamar Maharazu mai gyara, siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare. Yau so yake tsohuwar kwamfutarsa ta ƙara sauri, sai ya sa wa ƙwaƙwalwarta wuta volt 1,30. Abin awon wuta ya ce 1,45 ke shiga, lambar kuma hawa take. In ta ƙone, rumfarsa ta mutu.

Ya janye hannu a hankali, ya waiga bayansa.

"Malam Dodo," ya raɗa wa maƙwabcinsa mai shayi, "wa ke ƙara mata?"

Dodo ya ja bencinsa nesa. Maharazu na tofa wa kwamfutar addu'a.

Batirin abin awon ne ya yi sanyi, yake ƙara lamba. Tun hawan soja mulki ba a canza shi ba.