Baba Meshach da Littattafansa Masu Rigar Siminti

Kafin motocin farko su cika a tashar Nyanya su kama hanyar cikin gari, Baba Meshach ya riga ya share gaban rumfarsa. Rumfar ma dai suna ce kawai: fallen kwano a kan itace, jingine da katangar wani shagon taya. Zai shimfiɗa buhu, ya jera guduma da basilla da zare da gwangwanin gam, ya rataye takalman da masu su suka manta da su tun bara. Daga nan sai ya jawo akwatunan katako daga ƙarƙashin benci ya buɗe su don su sha iska. Ya yi addu'arsa a taƙaice, ya kunna rediyo, ya zauna jiran wanda silifas ɗinsa zai tsinke wajen rububin shiga mota. Haka yake yi tun ina 'yar firamare, ga shi yanzu ni ma ina da 'yar firamare.

Mutanen tasha da gyaran takalmi suka san shi. Mu da muka tashi a layukan bayan tasha kuwa, akwatunan nan muka sani, domin cike suke da littattafai. Saboda su nake wannan rubutu. Ƙarshen watan nan Baba zai bar rumfar. Idanunsa sun yi raunin da sai ya lalubi kafar basilla da yatsa kafin zare ya shiga. 'Yarsa Naomi za ta ɗauke shi ya koma wurinta a Karu, ɗaki da falo, ga miji ga yara, kuma ta faɗa masa gaskiya cewa babu inda za a sa akwatuna. Ban ga laifinta ba. Amma mai tsiren bakin tasha da matan ƙosai tuni suka fara zagaye suna tambaya ko takardun na sayarwa ne, don sun ga abin naɗe kaya. Nathan, abokin wasanmu na yarinta wanda yanzu yake tuƙa bas a tashar, shi ya kira ni ya faɗa mini. Ina ofis a lokacin, sai da na tashi na je na wanke fuska.

Baba Meshach mutumin kudancin Kaduna ne. Ya zo Nyanya lokacin da ake ta kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas ana zuba su a nan. Mutanen nan sun zo da littattafai kwali-kwali, kuma duk wanda ya samu gida a cikin gari zai tashi, littattafan ne farkon abin da yake bari a baya. Baba ya riƙa tsince su. Shi mai son karatu ne wanda makaranta ta ƙare masa da wuri, don haka tsakanin takalmi da takalmi sai ya buɗe ɗaya. Yaran layi suka fara leƙe, shi kuma ba ya iya korar yaro.

Matsalar ita ce littattafan masu kauri ne, na manya, mu kuma muna da yawa. Yaro ɗaya zai riƙe littafi wata guda, sauran na zumɓura baki. Sai Baba ya yi abin da mai gyaran takalmi kaɗai zai yi tunaninsa. Ya sa wuƙar yankan fata ya tsaga littafi ta gadon baya, ya raba shi kashi huɗu, in ya cika kauri kashi shida. Ya ɗinke kowane kashi da zaren takalmi, ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya rubuta lamba da biro a kai. Bangon asali dama yawanci ya daɗe da ɓacewa, saboda haka ba mu san sunan littafi ba, ba mu san wanda ya rubuta shi ba. Mu muke raɗa musu suna: na mai jirgin ƙasa, na matar likita, na mutanen da suka gudu daga yaƙi. Yau in masu ajiyar littattafai suka ji wannan aika-aika za su riƙe kai. Su riƙe. Ni dai da wuƙar nan aka buɗe mini duniya.

Shekarata goma sha ɗaya ranar da Umma ta aike ni wurin Baba da takalmin makaranta da igiyarsa ta cire. Ina tsaye da ƙafa ɗaya ina satar kallon akwatin, sai ya ce, da Hausarsa wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba:

"Yarinya, menene sunan ka?"

Na ce, "Maimunat, Baba."

"Maimunat, ido naka zai faɗi cikin akwati. Ɗauka number one ɗin can. Ba kuɗi. In ka gama ka kawo, ka karɓa two."

Na mai jirgin ƙasa ne. Kafin ranar, duk abin da na taɓa karantawa labarin dabbobi ne masu magana, da yaran kirki da ake ba kyauta a ƙarshe. Wannan kuwa wani ma'aikacin jirgi ne da matarsa ta mutu ta bar shi da yara. Turancin ya fi ƙarfina, ina tsallake kalmomi kamar mai tsallake kwata, amma akwai wurin da na fahimta sarai: mutumin ya sallami yaransa makaranta, ya dawo ya zauna a ƙasan kicin yana cin sauran abinci daga tukunya, yana kuka ba sauti. Ban taɓa sanin uba na iya yin haka ba. Da yamma Abbanmu ya dawo daga aiki, bayan cunkoson hanyar nan da ke cinye rabin ran mutum, ya zauna yana cire safa. Na tsaya ina kallonsa, karo na farko na ga gajiya a fuskarsa, na ji tausayinsa ya kama ni har na rasa abin yi. Na je na kawo masa ruwa ba tare da an aike ni ba. Ya dube ni ya ce, "Lafiya dai ko?"

Da na mayar da kashi na ɗaya, na biyu ba ya nan. A nan na koyi sauran tsarin Baba. Ba ya cewa ka dawo gobe. Sai ya ce, "Two yana wurin Perpetual, gidan da ake markaɗe, bayan coci. Je ka nema shi." Ni da ban taɓa taka layin cocin ba, na tafi ina rarraba ido. Na tarar da wata siririyar yarinya a kan turmi da littafin a cinya. Ta ce saura mata kaɗan, in zauna. Na zauna. Mamanta ta ba ni dafaffiyar masara. Kafin in bar gidan, Perpetual ta riga ta tona mini rabin abin da zai faru, na ji kamar in shaƙe ta, kuma daga ranar ba mu rabu ba. Yaran layinmu da yawa haka suka san juna. Ɗan mai gadi ya shiga gidan akawu, 'yar liman ta shiga gidan fasto, duk a kan neman lamba ta gaba.

Ba kowa ne ya yi murna da abin ba. Nathan yana nan ranar da wata mata mai sayar da tumatir ta zo a fusace, riƙe da kashi na uku na matar likita wanda ta ƙwace a hannun ɗanta. Ta buɗe wani shafi ta dangwara wa Baba a gaba, tana faɗa har kwandastoci suka taru, wai yana lalata yara da labarin soyayya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madam, yi haƙuri. Ka fara daga tsakiya ne, shi ya sa. Ga number one. Karanta, in har yanzu ka ga ba kyau, ni da kaina zan ƙona shi." Ta fizge ta tafi. Nathan ya rantse cewa bayan 'yan kwanaki ya gan ta ta dawo, ta waiga hagu da dama, ta karɓi na biyu ta tura ƙarƙashin kwandon tumatir. Ban ce Baba bai taɓa kuskure ba. Akwai abubuwan da muka karanta da suka girme mu nesa, wasu sun hana ni sukuni kwana da kwanaki. Amma bai taɓa yi mana kallon waɗanda ba za su gane ba, kuma yaro ba ya manta wanda ya yi masa haka.

Ban taɓa karanta ƙarshen littafin mai jirgin ƙasa ba. Kashi na huɗu, na ƙarshe, yana hannun Perpetual lokacin da aka yi wa babanta canjin wurin aiki zuwa Makurɗi. Suka kwashe kaya cikin gaggawa, littafin ya bi su. Ba waya a lokacin, ban sake jin ɗuriyarta ba har yau. Na je rumfa ina kuka, ban san ko na ƙawata nake yi ko na littafin ba. Baba ya ajiye takalmin da ke hannunsa ya ba ni ƙarshen labarin da baki: wai mutumin ya bar aikin jirgi ya koma ƙauye da yaransa, suka yi noma, babbar 'yarsa ta zama malama. Na share hawaye na tafi. Sai bayan mun girma muna hira da Nathan ya ce ai shi Baba ya gaya masa cewa mutumin ya zama shugaban tashar jirgi har ya sayi babur. Muka dubi juna muka fashe da dariya. Ashe kowa ɗinka masa ƙarshe ya yi daidai ƙafarsa.

Baba, kai ne mai basillar da ta ɗinke layinmu. Kai ne ka ba mu abin da iyayenmu ba su da lokacin ba mu, ba don ba sa so ba, sai don hanya ta cinye su. Yau ina da littattafai cikakku masu bango mai sheƙi, wasu ma a waya suke, in na gama ɗaya in buɗe wani ba jira. Amma wallahi ina kewar jiran. Ina kewar warin gam da siminti a yatsuna, da tafiyar nan cikin rana zuwa gidan da ban sani ba, don in ji abin da ya samu wani mutum da ba a taɓa haifa ba. Ina kewar Perpetual. Ko a ina take, ina fata tana da lafiya, kuma ta san ban yafe mata kashi na huɗu ba.

Ranar Asabar da ta wuce na je da motar maigidana, da niyyar kwashe akwatunan duka in kai gidana. Na ɗauka zai yi murna. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai.

"A'a, Maimunat. In ka ɗauka duka, za ka jera shi a shelf, ka share masa ƙura kowane Saturday. Zai mutu da tsabta. Mai tsire ma ya fi ka, shi ko ba komai takarda yana shiga hannun mutane."

Na ji haushi, na ce, "To Baba, ya kake so a yi?"

Sai ya gaya mini. Shi da Nathan sun fara aika saƙo ga duk wanda ya taɓa karatu a rumfar. Duk wanda ya zo, kashi ɗaya yake ba shi daga littafi, ba ya haɗa wa mutum ɗaya kashi biyu na littafi guda ko da zai yi birgima. Ya laluba cikin akwati ya miƙo mini wani mai lamba biyu.

Na ce, "Na ɗayan fa?"

"Yana wurin wani police a Mararaba. Three yana wurin mai kemis a Masaka, yara nasa uku ne. Nathan zai ba ka number nasu. Ka kai yarinya naka, ta je ta nema da ƙafa nata."

Daga nan ya ce in karanta masa kaɗan, don rabonsa da ganin rubutu tun kafin Kirsimeti. Na buɗe. Wuƙarsa ta yanka a tsakiyar jimla, don haka daga tsakiyar jimla na fara, ina ɗaga murya saboda hon da ihun 'yan kamasho. Ya juyo da kunnensa wajena, hannunsa na kan gwiwa, leɓensa na motsi. Ya san wurin.

Mun gode, Baba Meshach. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi a gidan Naomi, ya sa jikokinka su karanta maka kamar yadda ka sa muka karanta. Ku kuma da kuke da littattafai a kulle cikin kabad, ga misali nan: ba sai kun sa wuƙa ba, ku dai miƙa wa yaron maƙwabta ɗaya, ku gaya masa inda zai samu na gaba.

Sai ku 'yan layin bayan tasha, ku da kuka zama lauyoyi da nas-nas da direbobi da masu shago, na san wasunku za su ga wannan rubutu. Ko rabin abin da ke cikin akwatunan ba a raba ba tukuna. Baba yana rumfa kullum ban da Lahadi, har ƙarshen wata. Ku zo ku karɓi naku, ku faɗa masa sunanku da ƙarfi domin ba zai gane fuskarku ba. Da zan tafi ranar nan, na ga mai tsire ya riga ya kawo buhunsa ya ajiye a gefen benci.