Ramin da Aka Haƙa wa Inna da Ranta

Uwar mijina ta yi shekara kusan talatin tana share harabar majami'armu kowace Asabar, amma ba ta taɓa wuce bencin ƙarshe na bakin ƙofa ba. Majami'ar ma ba wata babba ba ce, ɗaki ɗaya ne na bulo da rufin kwano a gefen ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, inda in ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai fangulan albasa da na shinkafa. Inna muke ce mata dukanmu, har fasto. Ta fi mu 'yan zumuntar mata haddace waƙoƙi, in mai ganga ya kauce ita ke harararsa daga can baya. Amma ranar jibin Ubangiji, da an ɗauko farantin gurasa sai ta tashi ta fita ta zauna a gindin darbejiya, domin ba a yi mata baftisma ba.

Fastoci uku suka yi mata magana, kowanne ya gaji ya bari. Ni ma na yi, da bakin nan nawa da ba ya iya shiru. Ubanta ne ya bar mata tsafin gidansu, ita ta riƙa yanka baƙar kaza a gindin tsamiya har lokacin da mijinta ya ba da gaskiya. Ta bar wannan tun ban zo gidan ba, sai dai ba ta yarda an gafarta mata ba. In na matsa mata sai ta ce, "'Yar nan, ke ba ki san abin da hannun nan ya yi ba." Daga nan ta ɗauki tsintsiyarta.

Shekarar da ƙafafunta suka kumbura, aka ce mana a asibiti zuciya ce, a lallaɓa ta kawai. Wata safiya ina ba ta koko ta ture kofin ta ce, "Ki gaya wa fasto na shirya." Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini. Ko kallabi ban ɗaura daidai ba na fita.

Mu a babban kanal muke baftisma, wurin matakalar da mata ke wanki, Lahadin da ke bin bikin Ista. Aka sa sunanta, aka yi ta murna. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, dukanmu manoman rani ne, dukanmu mun ji sanarwar cewa za a rufe ruwa don kwashe laka da ciyawa, har mun cire albasarmu da wuri saboda haka, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sai ana saura kwana biyar na je na leƙa. Kanal ya ƙafe, laka ta tsattsage, awaki na yawo a cikinsa. Aka ce sai bayan wata biyu za a sako ruwa. Na dawo gida na tarar da Inna a jingine da bango tana jan numfashi da ƙyar, na san ba ta da tabbacin wata biyu.

Fasto ya zo da kansa ya durƙusa a gabanta. Ya ce tafiya mai nisa ba za ta yiwu ba, saboda haka zai zuba mata ruwa a ka da ƙwarya a nan ɗakinta, Allah zuciya yake dubawa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Fasto, ba goshina kaɗai ya yi zunubi ba. A tsoma ni duka, kamar kowa."

Dattawan ikilisiya suka zauna suka yanke shawarar a haƙa rami a fangalinmu, tunda an riga an cire albasa, a shimfiɗa tamfol ɗin da muke shanya shinkafa a kai, a cika da ruwa. Ranar Asabar da hantsi sai ga babban dattijonmu ya yi sallama, da dogon karan dawa a hannunsa. Shi ne wanda in an yi mutuwa a cikinmu yake shiga ya auna mamaci da kara, ya karya shi daidai tsawonsa, ya kai wa masu haƙa. Ya gaida Inna, ya durƙusa a gefen tabarmarta, ya shimfiɗa karan daga kanta zuwa ƙafa. Ina tsaye ina kallo kamar wawuya. Sai da ya ɗora babban yatsansa daidai diddigenta zai karya, sannan hankalina ya dawo.

Na ce, "Baba! Da ranta kake auna ta?"

Ya tsaya cak, ya dubi hannunsa, ya dubi karan. Tsoho mai furfura, idonsa ya cika da hawaye. Ya ce, "Allah ya sani, 'yata, hannuna ne ya saba."

Na kai hannu zan fizge karan, sai Inna ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Bar shi ya karya karansa. Wa ya fi shi iya awo a garin nan? Sai dai ku ƙara taku ɗaya, fasto ma zai shiga."

Na bi su gona da ruwan sha, raina a ɓace. Abin da na ji tsoro shi na tarar. Mazanmu rami ɗaya suka iya haƙa wa mutum, shi kuwa suka haƙa: dogo, gefensa a miƙe sumul, ƙasa a tare gefe guda. Mijina ya jingina da shebur ya juya wa ramin baya. Na yi ta faɗa a faɗaɗa shi, a zagaye bakinsa, a yi masa ko mene ne don ya daina kama da abin da ya yi kama da shi. Suka ƙara taku ɗayan, amma kamarsa ba ta canja ba.

Ana cikin haka maƙwabcinmu na gona, wani Alhaji mai noman tumatir, ya zo wucewa a kan mashin. Ya ci burki ya sauka yana salati, ya ce, "Yaushe tsohuwar ta cika ba a gaya mana ba?" Mijina ya yi masa bayani. Ya dubi ramin ya ce, "Ikon Allah. To da me za ku cika shi, da bokiti?" Ya ce yana da rijiya a gonarsa, zai jawo tiyo ya tayar da inji da sassafe. Ruwan rijiya da sanyi, in ji shi, gara rana ta ɗumama shi kafin mu taso daga sujada, kada ya kama wa tsohuwa ƙirji. Mu duk yawanmu wannan bai faɗo mana ba.

Ranar Lahadi adaidaita ta kawo ta har inda hanya ta ƙare, daga nan maza biyu suka ɗauke ta a kan kujera. Farin zane na ɗaura mata. Duk ikilisiya ta jeru a kan kunyoyi ana waƙa, Alhaji da ma'aikatansa suna tsaye can nesa a inuwar mangwaro. Ni fuskarta kawai nake kallo, ina jiran lokacin da za ta ga ramin. Ta gan shi. Ta daɗe tana kallonsa, da tarin ƙasar da ke gefe, da ruwan da ya kwanta luf a cikin tamfol. Sai ta gyaɗa kai.

Fasto ya ce ya sha yi mana wa'azi cewa baftisma binnewa ce tare da Ubangiji da kuma tashi tare da shi, amma yau ba sai ya yi bayani ba. Ya shiga ruwan har ƙugu. Aka sauke masa ita a hankali. Ya tambaye ta ko ta gaskata, ta amsa da muryar da na yi wata uku ban ji ba. Ya tallafi ƙeyarta ya kwantar da ita ta baya, ruwan ya rufe fuskarta.

Bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, na sani. Amma waƙa ta tsaya da kanta, ba wanda ya ce a yi shiru. Ina ganin farin zanen a ƙarƙashin ruwa, a miƙe, ba motsi, na ce a raina shi ke nan, zuciyar ta tsaya, mun kashe ta da hannunmu. Sai fasto ya ɗago ta. Ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido, ruwa na zuba daga furfurarta.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Inna."

Ta ce, "Duka?"

Ya ce, "Duka."

Wata ta rangaɗa guɗa, ganga ta tashi. Ni kuwa na durƙusa a cikin taɓo da zanen Lahadina. Tsoron Allah ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a cikin ginin majami'a ba. Tun ina yarinya nake furta cewa na gaskata da tashin matattu, ashe da baki kawai nake faɗa.

Sau uku ta ci jibin Ubangiji. Na farko a bencin gaba, biyun a kan tabarmarta. Ta rasu da damina, shinkafa ta fara fitar da kai. A maƙabarta mata suka riƙe ni ta kowane gefe, don sun san ni da kururuwa a wurin mutuwa. Na ce su sake ni. Na matsa har bakin kabarin, na tsaya ina kallo ana sauke ta, ban ja da baya ba. Na riga na taɓa ganin an sa ta a irinsa, na kuma ga ta fito.