Rigar da Barend Bai Yaga Ba

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Yahudawa a Amsterdam kafin yaƙi ya san Barend Speijer mai sayar da kokwambar da aka jiƙa a ruwan tsami. Kwana shida a mako yana tura amalankensa daga wannan gada zuwa waccan, hannuwansa jawur saboda ruwan tsami. Ranar Asabar kuma ya zura baƙar rigarsa guda ɗaya tilo, ya ja mana karatu a ƙaramar majami'armu. Muryarsa ta masu tallan kifi ce, amma Ibrananci kam Allah ya ba shi. Har yau in na ji ƙamshin ruwan tsami sai kewar unguwar nan ta kama ni.

Akwai kalma ɗaya da ya riƙe kamar gadon ubansa, wato marah, tawaye ke nan da Ibrananci. Ka sayi kokwamba guda, ka sha wa'azi kyauta. Yakan ce tawayen da talakawa ke yi wa sarki da sunansa daban. Marah ta cikin gida ce: ɗa ya ji muryar mahaifinsa sarai, ya gane, sannan ya taurare wuya. Baƙo ba ya iya yi maka ita, sai wanda ka ciyar da hannunka. Mu dai mu gyaɗa kai, mu karɓi kokwambarmu.

Ashe a gidansa za ta sauka. Ɗansa ɗaya ne, Sander, mai aikin goge lu'ulu'u. Ya shiga ƙungiyar ma'aikata, ya daina zuwa addu'a, aka yi haƙuri. Sai ga shi wata Asabar a cikin motar haya, sigari a baki, rana tsaka, alhali addininmu ya hana hawa mota da kunna wuta a ranar. Masu kai rahoto, Allah ya shirye su, ba su bari an nannaɗe littafin karatu a majami'a ba sai da suka raɗa wa uban.

Washegari da safe Barend ya fito da 'yar guntuwar kujerar zaman makoki, ya sa baƙar rigar, ya ɗauko wuƙa. A lokacin akwai iyayen da in ɗa ya bar hanya sukan yaga riga su zauna kwana bakwai kamar ya mutu, daga nan ba mai sake ambaton sunansa a gidan. Ya kira matarsa Mietje ta zo ta zauna tare da shi.

Mietje tana feren dankali, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, shekara talatin kana cika min kunne a teburin nan. Ba kai ka ce malamanmu na dā sun yanke cewa ba a kiran yaro ɗan tawaye sai uwa da uba sun kawo ƙararsa da murya ɗaya ba?"

Ya ce wannan maganar malamai ce, ba ta masu feren dankali ba.

"To, ka je da muryarka. Tawa tana nan, ba inda za ta. In kuma ka yaga rigar nan, ka nemi mai ɗinke maka."

Ya daɗe tsaye, wuƙa a wuyan riga. Ya laluba karatunsa kaf bai sami amsa ba, kuma gaskiyar magana, bai so ya samu ba. Daɗi ya ji, amma ina, girman kai ba zai bar shi ya nuna ba. Ya yi tsaki, ya ce mace ta kayar da shi da dabara, ya mayar da kujerar ƙarƙashin gado.

Sander bai canza ba, ni ma ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ranar Jumma'a da yamma ya zo cin abinci, yana warin taba, ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko za a bar shi ya zauna ba. Barend bai dube shi ba. Ya sa wa burodi albarka, ya gutsura, ya barbaɗa gishiri, ya miƙa wa matarsa nata. Sannan ya gutsuri na uku ya ajiye a gaban kujerar da ba kowa, ya ce wa Mietje, "Gaya wa ɗanki miya na hucewa."